Gidajen Raino Da Kuɗin Baitulmali

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka.

A cikin 'yan makonnin nan mutum biyu sun zo mana da magana guda, amma kowa ta fuskarsa. Na farko ma'aikacin gwamnati ne daga cikin masu ɗaukar karatun Risala a zaurenmu bayan La'asar. Matarsa ungozoma ce a wani asibitin gwamnati. Ta haihu, hutunta ya ƙare, jinjirin bai kai wata biyar ba. Mahaifiyarsa tana ƙauye, ga nisa ga tsufa. Mahaifiyar matar kuwa ta riga mu gidan gaskiya. Sai suka ɗauko wata yarinya 'yar shekara goma daga cikin dangi don ta yi raino. Ran nan matar ta dawo daga aikin safe ta tarar yarinyar barci ya kwashe ta a tsakar gida, jinjirin kuwa yana kwance dab da murhu, ya yi kuka har muryarsa ta dushe. Allah dai Ya kiyaye. Abin da yake tambaya shi ne, ya halatta su kai shi gidan raino na kuɗi? In ya halatta, wa zai biya?

Na biyu wani Alhaji ne, mai sayar da atamfa. Shi kuma a rediyo ya ji cewa gwamnatin Ingila ta ɗauki nauyin rainon jarirai tun suna wata tara domin uwayensu su koma bakin aiki. Ya ce, “Allah gafarta Malam, wannan ai ƙarshen zamani ke nan, a raba ɗa da uwarsa da kuɗin hukuma. Ku yi wa'azi a kai tun bai iso nan ba.” Muka yi musu alkawarin amsa a wannan fili, domin mun san ba su kaɗai abin ya shafa ba.

Bari mu fara da abin da Alhaji ya ji, tun da ba a yanke wa abu hukunci sai an san shi. A watan Maris na 2023 ministan kuɗi na Birtaniya na lokacin, Jeremy Hunt, ya bayyana cikin kasafin kuɗi cewa za a faɗaɗa biyan kuɗin raino ga iyaye ma'aikata a Ingila. Aka bi abin daki-daki. A Afrilun 2024 aka fara biyan sa'a 15 a mako ga 'yan shekara biyu. A Satumban wannan shekara aka sauko da shi har ga 'yan wata tara. A Satumban 2025 aka mai da shi sa'a 30 a mako, na mako 38 a shekara, tun daga wata tara har yaro ya shiga makaranta. Gwamnatin da ta faro shirin ta faɗi zaɓe a 2024, wadda ta gaje ta ta ci gaba da shi. Kuɗin ba ya shiga hannun iyaye, gidan rainon da ke da rajista ake biya. Sharaɗinsa kuwa, uwa da uba duk suna aiki, ko kuma wanda ke riƙe da yaron in shi kaɗai ne, kowannensu yana samun abin da bai gaza ladan sa'a 16 a mako ba bisa mafi ƙarancin albashi, bai kuma wuce fam 100,000 a shekara ba. Doka ta ƙayyade mai raino ɗaya ga jarirai uku idan ba su kai shekara biyu ba, ɗaya ga yara biyar idan 'yan shekara biyu ne, kuma akwai hukumar da ke zagayawa tana duba gidajen. Ba a tilasta wa kowa ya kai ɗansa. Saboda haka batun ƙwace 'ya'ya bai taso ba. Amma tsoron da ke zuciyar Alhaji ba banza ba ne, za mu dawo kansa.

To, shin Musulunci ya san a ba wani rainon ɗa, a biya shi lada? Babu shakka ya sani. Aya ta 233 ta Suratul Baƙara, wadda ta ambaci shekara biyu cikakku ga wanda ya so cika shayarwa, ta ɗora ciyarwa da tufatarwa a kan uba, ta hana a cuci uwa saboda ɗanta ko uba saboda ɗansa, ita ce kuma ta ɗauke laifi ga iyayen da suka nemi wata ta shayar musu, matuƙar sun biya abin da suka yi alkawari. Shi kansa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a hannun Halimatus Sa'adiyya ya sha nono a cikin Banu Sa'ad, Ummu Aimana kuma ta yi masa raino. Da aka haifa masa ɗansa Ibrahim, sai ya kai shi ga matar wani maƙeri a Awali, can gefen Madina. Anas ɗan Malik ya ba da labarin yadda yakan taka ya tafi can da sahabbai, ya shiga gidan ga hayaƙin maƙera, ya ɗauki yaron ya sumbace shi, sa'an nan ya komo. Wanda ya ce bai wa wata amintacciya raino haramun ne, to, bai karanta tarihi ba. Amma a lura, uban da ya ba da rainon bai daina zuwa dubawa da ƙafarsa ba.

Saura batun baitulmali. Nan ne muke so masu karatu su ɗan tsaya tare da mu, domin akwai wani labari na Sarkin Musulmi Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya yarda da shi, wanda Ibn Sa'ad ya kawo cikin Ɗabaƙat, wanda ya kamata duk mai hannu cikin tsara kasafin kuɗi ya san shi.

Wani ayarin fatake ya sauka a filin idi na Madina. Umar ya nemi Abdurrahman ɗan Aufu su je su kwana suna yi musu gadi don gudun ɓarayi. Suka kwana suna gadi suna nafila. Can cikin dare Umar ya ji kukan yaro, ya je ya gargaɗi uwar da ta ji tsoron Allah ta kyautata wa ɗanta, ya koma wurinsa. Kukan ya sake tashi, ya sake zuwa. Da dare ya kusa ƙarewa ya je karo na uku, ya yi mata faɗa. Matar, ba ta san ko wane ne ba, ta ce ya dame ta tun dare, ita yaye shi take so ta yi yana ƙi. Ya tambaye ta dalili. Ta ce saboda Umar ba ya yanka wa yaro rabo daga baitulmali sai an yaye shi. Ya tambayi watanninsa, ta faɗa, ashe bai isa yaye ba. Da asuba Umar ya ja salla, mutane ba su iya gane karatunsa ba saboda kuka. Da ya sallame sai ya zargi kansa, yana tambayar 'ya'yan Musulmi nawa ya halaka ta wannan hanya. Nan take ya sa aka yi shela cewa kada kowa ya gaggauta yaye, domin daga yau kowane jariri yana da rabo tun ran da aka haife shi, ya kuma rubuta wa gwamnoninsa haka. Masu tarihi sun ambaci dirhami 100 a matsayin rabon jariri.

Abu biyu ke cikin wannan labari. Na farko a fili yake: jinjiri yana da haƙƙi cikin dukiyar jama'a, tun ƙarni goma sha huɗu da suka wuce. Har ma Imamu Malik ya ruwaito cikin Muwaɗɗa cewa da wani mutum ya tsinci jaririn da aka yar, Umar ya bar shi a hannunsa, ya ce ciyarwarsa tana kan hukuma. Ashe ba Turawa suka fara sa kuɗin gwamnati cikin raino ba.

Na biyu shi ne ya fi bukatar tunani. Dokar Umar ta farko ba rowa ba ce, ba kuwa mugunta ba. Hankali ma zai karɓe ta: mai shan nono a jikin uwarsa yake ci, sai an yaye shi yake bukatar hatsi. Amma kuɗi yana da igiya. Duk inda hukuma ta ajiye shi, can ƙafar talaka za ta nufa, ko da a kan hanyar akwai kukan ɗansa. Matar nan ba ta ƙi ɗanta ba, lissafi ta yi, kuma dokar ce ta koya mata lissafin. Umar kuwa da ya gane, bai soke taimakon ba, bai kuma tsaya yi wa mata wa'azi ba. Sharaɗin ya gyara, ya mai da kuɗin ya bi yaron inda ya fi masa alheri.

Da wannan ma'auni za mu auna shirin Ingila. Me ya sa aka ce wata tara? A can, macen da ta haihu tana da hutun mako 52, amma na mako 39 kaɗai doka ta sa a biya ta, watau wata tara. Ke nan daidai inda kuɗin hutu ya yanke, nan kuɗin gidan raino ya kama. Waɗanda suka tsara shirin ma ba su ɓoye ba cewa babbar manufarsu ita ce iyaye su koma aiki. Uwar da ta zaɓi ta zauna da ɗanta har ya shekara biyu ba ta da rabo cikin wannan kaso. Kakar da ta riƙe jikanta ita ma ba a biyan ta daga ciki, ko da tana da rajistar raino, domin ƙa'idar ta cire wanda yake ɗan'uwan yaro. Ba ma musun cewa ɗimbin mata sun sami sauƙi, domin kafin wannan kuɗin raino yakan cinye albashin mace har ta ga aikin ba riba. Amma igiyar ta ja gefe guda ne kawai.

An riga an ga irin wannan a lardin Kebek na ƙasar Kanada. A 1997 suka buɗe raino a kan dala 5 a yini, gwamnati ta cika sauran. Mata suka fita aiki da yawa ƙwarai. Sai dai a 2008 wasu masana tattalin arziki uku, Baker da Gruber da Milligan, suka fitar da binciken da ya nuna cewa bayan shirin an sami ƙarin firgita da faɗa da yawan rashin lafiya a tsakanin ƙananan yaran lardin. Masana sun yi ta muhawara a kan dalili, da yawansu kuwa sun danganta abin ga gaggawar da aka yi: bukata ta fi ƙarfin gidajen raino masu kyau, aka cika giɓin da waɗanda ba su kai ba. Kanada ba ta fasa ba, a 2021 ma gwamnatin tarayya ta ɗaura niyyar kai rainon dala 10 a yini ga ƙasar baki ɗaya. Abin da muka ɗauka daga nan shi ne, arha ba ta wadatar ba idan hannun da aka miƙa wa yaro bai isa ba.

Waɗansu ƙasashe sun bi ta wata hanya. Finland tun 1985 take biyan wani ɗan alawus ga iyayen da suka riƙe ɗansu a gida kafin ya cika shekara uku, maimakon kai shi gidan rainon hukuma, ko da yake masu suka suna cewa hakan yana daɗar da mata a gida har aiki ya wuce su. Suwidin tana ba iyaye hutun kwana 480 da biya, daga Yulin 2024 kuma ta yarda kowane ɗaya daga cikinsu ya miƙa wa wani, kamar kaka, har kwana 45 daga ciki. Waɗannan sun fi kusa da gyaran da Umar ya yi, domin ba su ce sai an rabu da yaro za a sami taimako ba.

Yanzu mu komo gida, inda ungozomar nan take. Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ya ba mace mako shida kafin haihuwa da mako shida bayanta, da abin da bai gaza rabin albashi ba idan ta yi wata shida tana aikin, da rabin sa'a sau biyu a yini don shayarwa. Ma'aikatan tarayya sun fi haka samu, a 2021 kuma aka amince wa maza da kwana 14. Jihar Ikko a 2014 da Jihar Kaduna a 2019 sun ba ma'aikatansu mata wata shida. Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa a ba jariri nono zalla har wata shida, a ci gaba da shayarwa har shekara biyu, adadin da muka daɗe da sani daga Alƙur'ani. To, macen da aka ce ta koma aiki bayan mako shida, gidanta kuma yana bayan gari, mota biyu za ta hau, me rabin sa'a zai yi mata? Wannan doka ba ta ce a yaye yaro ba, amma yaye take sawa. Matar da ke filin idin Madina tana nan a cikinmu, ta yawaita.

Mun san abin da waɗansu za su ce: to, ta zauna a gida mana. Lalle zaman uwa da jinjirinta shi ne asali, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya shayarwa wajibi ce a kan matar da ke ƙarƙashin aure, sai in akwai uzuri ko tana cikin waɗanda irinsu ba su shayarwa a al'ada. Amma mu ne dai muke cewa ba mu yarda namiji ya karɓi haihuwar matanmu ba, mu ne muke neman likita mace da malama mace a makarantar 'yan mata. Waɗannan ayyuka farillan kifaya ne, idan babu mai yi, duk gari ya yi laifi. Ba adalci ba ne jama'a ta kira mace ta tsaya mata a ɗakin haihuwa da tsakar dare, sa'an nan ta juya baya ga jinjirin da ta baro a gida. Ban da su kuma akwai wadda mijinta ya mutu, da wadda aka saka aka bar ta da 'ya'ya, da masu tuwo-tuwo a tasha, da masu tsintar riɗi da sheƙar hatsi a manyan kasuwanni, goyo a baya cikin ƙura tun safe har yamma. Waɗannan ba su da hutun haihuwa ko na kwana ɗaya, ba wanda ya tambaye su ko suna son fita.

Da can babban gida ne ke ɗaukar wannan nauyi. Mace ta je gidansu wankan jego, ta dawo ta tarar da uwar miji da matan 'yan'uwa, yaro yana tashi daga wannan baya zuwa wancan, lokacin yaye a kai shi wurin kaka. Canjin wurin aiki da gidan haya sun warwatsa wannan. Abin da ya maye gurbinsa a gidajen ma'aikata da yawa shi ne 'yar raino: yarinyar da ita kanta raino take bukata, an cire ta daga allo da boko, an ɗora mata amanar rai. Muna ta jin tsoron gidan rainon Turawa, alhali wannan yana cikin ɗakunanmu ba mu yi masa wa'azi ba.

Saboda haka idan hukuma za ta sa hannu, kuma muna ganin ya wajaba ta sa, to, ta fara daga inda Umar ya ƙare. Kuɗin farko ya tafi ga tsawaita hutun haihuwa zuwa wata shida da cikakken albashi a ko'ina, domin babu gidan rainon da ya kai ƙirjin uwa ga ɗan wata uku. Bayan wannan, a kawo rainon kusa da uwa maimakon a kai yaro nesa da ita. Indiya a 2017 ta mai da hutun haihuwa mako 26, ta kuma wajabta wa duk ma'aikatar da ke da mutum 50 ko fiye ta tanadi ɗakin raino, uwa ta leƙa sau huɗu a yini. Wannan ba ya bukatar dukiyar Ingila. Ɗaki guda ne mai iska da ruwa a cikin asibiti ko sakatariya ko makaranta, da mata biyu ko uku da aka horar aka sa cikin albashi. Inda kuma akwai kaka ko gwaggo da ta yarda ta riƙe, kada ƙa'ida ta mai da ita kamar ba ta yi komai ba. Malamanmu da suka jera masu haƙƙin riƙon yaro, bayan uwa kaka ta wajen uwa suka ambata, sa'an nan 'yar'uwar uwa, kafin a gangaro ga dangin uba.

Su waɗannan malamai sun kuma gindaya sharuɗɗa ga mai riƙon yaro, kamar yadda ya zo cikin Muhtasar na Shaihu Halil: hankali, da iya ɗaukar nauyin, da amana, da wuri mai tsaro, da kuɓuta daga cutar da ake ɗauka. Asalinsu a babin rabuwar aure suke, amma wanda zai ba gidan raino lasin ba zai rasa abin ɗauka a ciki ba. Mace ɗaya da jarirai goma sha biyar ba ta cika sharaɗin iyawa ba, komai kirkinta.

Akwai wata mas'ala da ba za a same ta cikin dokokin Ingila ba, amma mu ba mu da ikon mantawa da ita, watau 'yan'uwantakar shan nono. A wurin Imamu Malik tsotsa ɗaya tak, in ta isa ciki a cikin shekara biyun shayarwa, ta haramta aure, ko da a kofi ko a kwalba aka ba da nonon. Shafi'iyya ne suka ce sai sha biyar. To, a ɗakin da uwaye ke tatso nono su bari a kwalabe, in aka yi musanya, yaro ya zama ɗan wata mata, 'ya'yanta sun zama 'yan'uwansa, ba wanda ya sani. Haka nan mai rainon da ke da goyo, ta ga ɗan wata yana kuka ta ba shi mama don tausayi. Wajibi ne a rubuta suna a kan kowace kwalba, a hana shayar da ɗan wata sai da iznin iyayensa, in kuma ya auku a rubuta cikin littafi a sanar da gidajen biyu. Rubutun minti ɗaya yau ya fi raba aure mai 'ya'ya bayan shekara ashirin da biyar.

Amsar da muka ba ɗalibinmu ke nan. Kai yaron gidan raino ya halatta idan wurin amintacce ne. Kuɗin kuwa asalinsa a kansa yake, domin ɗawainiyar ɗa a kan uba take, albashin matarsa nata ne, sai abin da ta bayar don ranta ko abin da suka yi yarjejeniya a kai. Muka ce ya zaɓi wanda ya fi kusa da asibitin don ta riƙa zuwa shayarwa, ya ƙirga masu raino ya ƙirga yara, ya kuma riƙa faɗawa wurin ba da sanarwa ba. Yarinyar nan 'yar shekara goma kuwa, ko ya sa ta makaranta a nan ko ya mai da ita ga iyayenta. Matarsa da abokan aikinta su rubuta wa ƙungiyarsu ta ma'aikata su nemi ɗaki a cikin asibitin.

Shi kuma Alhaji, da muka karanta masa labarin Umar, sai muka tuna masa cewa fatake irinsa aka kwana ana yi wa gadi a daren nan. Muka tambaye shi mata nawa ke wucewa ta ƙofar shagonsa kullum da goyo a baya da kaya a ka, da kuma ko cikin shagunan da ke kulle a layinsu babu wanda za a iya yin wakafi da shi. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce zai kai maganar gaban shugabannin kasuwarsu bayan sallar Juma'a. Allah ne Mafi sani.